Kafin ka sa hannu a takardar taimshiya, da yadda zaka yi da wayarka in ka bar ƙasar nan

Jama'a assalamu alaikum. Magana biyu ce nake so mu yi amma tafiyarsu ɗaya, don duk mai fita waje daga Katsina ko Daura, ko Umara zaka je ko sarin kaya a Dubai ko ganin likita a Masar da Indiya, zaka iya karo da su duka biyun a tafiya guda. Ta farko abin nan da ake ce ma taimshiya, ta biyu kuma wayar da ke aljihunka. Dukansu halinsu ɗaya, ranar shiga ba su da ciwo, sai ka dawo gida ka huta sannan lissafi ya biyo ka.

Bari mu fara da taimshiya tunda ita ce mai cin manyan kuɗi. Kamfani ne zai gina otal ko gidajen hutu a wani wuri da mutane ke son zuwa, maimakon ya sayar ma mutum ɗaya da ɗaki sai ya yanka shekara mako-mako, shekara dai mako 52 ce, sai ya sayar ma mutum hamsin ko hamsin da ɗaya kowa da makonsa, abin da ya rage a bar shi don gyara. Kai abin da ka saya shi ne damar kwana bakwai a ɗakin nan duk shekara. Kamar watanda ce, ku haɗa kuɗi ku sayi sa, sai dai a watanda in an yanka an kasa nama kowa ya ɗau kasonsa magana ta ƙare, shi wannan san ba a yanka shi, yana nan ɗaure kuma ku ne masu sayen dusa da harawa duk shekara ko kun je ganinsa ko ba ku je ba.

Abin ya faro ne a Turai a shekarun 1960, kamfanin Hapimag na ƙasar Suwizalan da aka kafa a 1963 yana cikin na farko-farko, daga baya Amurka ta karɓe shi ta mai da shi babbar kasuwa musamman a jihar Fulorida. Kada ka ce ai wannan harkar Turawa ce ba ta shafe mu ba. Hasumiyar Zamzam da ke jikin Harami a Makka, wadda alhazanmu da yawa suka sani, da irin wannan tsarin aka fara sayar da ɗakunanta a farkon shekarun 2000, wani kamfanin Kuwait mai suna Munshaat ya fitar da takardun da ake kira sukukul intifa'i, mutum ya sayi haƙƙin amfani da ɗaki na wasu kwanaki duk shekara har shekara 24. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta zauna kan batun a taronta na Malesiya a 2007, ta ce ya halatta in an cika sharuɗɗan ciniki ko na haya, wato a san abin da aka saya, a san lokacinsa, a san wanda nauyin gyara ke kansa. Dubai ma ta yi dokarta ta musamman kan harkar a 2020. Toh kaga ba haramun ba ce kuma ba lallai damfara ba ce, amma halal ɗin ciniki daban, ribarsa gare ka daban.

Abu na farko da zaka tambaya, kuma kada ka bari a zagaya da kai: me nake saya takamaimai? Akwai wanda ake rubuta maka kaso na mallaka a ginin, sunanka ya shiga rajistar filaye ta ƙasar, zaka iya sayarwa kuma magada su gada. Akwai wanda haƙƙin amfani ne kawai na wasu shekaru, 20 ko 30 ko abin da aka rubuta, in sun cika ginin ya koma ma mai shi kai kuma ka tashi ba ka da ko bulo ɗaya. Sai na ukun wanda yanzu ya fi yawa, maki ake sayar maka, a ce kana da maki kaza duk shekara ka kashe su a duk otal ɗin kamfanin da kake so. Shi wannan na makin ya fi daɗin ji a baki amma ni shi na fi tsoro, domin in takarda ta ba kamfani ikon canza yawan makin da kowane dare ke ci, makin da ya ba ka kwana bakwai bana nan da shekara biyar sai ya ba ka huɗu, kuma ba ka da bakin magana tunda kai ka sa hannu.

Sannan makon naka tsayayye ne ko mai yawo? Tsayayye shi ne a ce mako na 32 naka ne duk shekara. Mai yawo kuma a ce kana da mako ɗaya a cikin wani zango, kai zaka yi bukin da wuri, in wasu sun riga ka sai haƙuri. Nan ne mu Musulmi muke da wata matsala da Bature ba shi da ita, kuma dillalin ba zai tuna maka ba. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, don haka azumi da sallah suna matsowa baya duk shekara. In ka sayi tsayayyen mako da lissafin Miladiyya don bana ya faɗo a goman ƙarshe na Ramadan, baɗi ya goce, shekara uku masu zuwa yana cikin Shawwal ko bayanta, kuma sai an yi kusan shekara 33 kafin ya zagayo inda ya faro. Duk wanda zai sayi ɗaki a Makka ko Madina don azumi ko aikin Hajji to ya tabbata an rubuta kwanakin da watan Hijira ƙarara, ba wai dillali ya ce masa ai za a daidaita ba. Haka mai iyali da ke lissafin hutun makarantar yara, duba ka gani ko makon ya faɗo a dogon hutu, in a tsakiyar zangon karatu ya faɗo to kai kaɗai zaka dinga zuwa ko ka bar shi ya wuce.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuɗin kula da gini na shekara-shekara. Wannan ba ya tsayawa, ka je ka biya, ba ka je ba ka biya, kana kwance a asibiti ka biya, kuma kusan kullum hawa yake yi. A Amurka matsakaicin farashin sayen taimshiya ya haura dala 20,000, kuɗin kulawar kuma ya haura dala 1,000 a shekara. Bayan shi akwai wanda ake yanko maku na musamman in rufi ya lalace ko guguwa ta yi ɓarna ko ana so a sake fasalin otal ɗin, shi ba ya da rana. Toh kai da kuɗinka ke shigowa da naira sai ka tsaya ka yi tunani da kyau. A 2015 dala tana wajen naira 200 a farashin gwamnati, kafin Yunin 2023 tana wajen 460, da aka saki naira ta yi yawo, a 2024 dala ta haura 1,500. Ma'ana wanda ya ɗauki alkawarin biyan dala dubu a shekara lokacin tana naira dubu 200, ya wayi gari yana neman miliyan ɗaya da rabi don abu ɗaya, ɗakin bai ƙara faɗi ba, kwanakin ba su ƙaru ba, kuma ban ma sa ƙarin da kamfanin ke yi da kansa ba. Wanda kasuwancinsa ke kawo masa dala ko riyal wannan bai dame shi sosai ba, amma ɗan kasuwar da ke sayar da hatsi a Dandume ko atamfa a babbar kasuwar Katsina ko ma'aikacin gwamnati mai jiran albashi, wallahi nauyi ne babba ya ɗora ma kansa na shekara ashirin.

Ga lissafin da zaka yi a takarda kafin komai, misali ne kawai na kawo, kai sai ka sa naka alƙaluman. A ce an yi maka tayin dala 15,000 na shekara 25, in ka raba ya zama dala 600 duk shekara. Ka ɗora kuɗin kulawa a ce dala 800, ya zama 1,400 na kwana bakwai, wato dala 200 kowane dare. Sai ka buɗe Booking ko wani shafin kama ɗaki ka duba nawa ake ba da irin ɗakin nan a wannan otal ɗin ko maƙwabcinsa a daidai wannan makon. Sau da yawa zaka ga kusan ɗaya ne, wani lokacin ma na hayar ya fi sauƙi, alhali mai haya bai kulle dala dubu 15 ba, kuma shekarar da bai ga damar zuwa ba ko sisi ba zai biya ba. In lissafin ya nuna kai ke da riba da tazara mai faɗi, toh sai a ci gaba da magana.

Wani abin kuma da mai fasfo ɗin Najeriya bai kamata ya manta ba, taimshiya ba biza ba ce. Kana da ɗaki a ƙasar amma shiga ƙasar sai an ba ka izini. Mun ga yadda Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022 ba a dawo da ita ba sai tsakiyar 2024, jirgin Emirates ma ya daina zuwa Najeriya kusan shekara biyu sai Oktoban 2024 ya dawo. Mun ga yadda korona ta sa Saudiyya ta rufe Umara a ƙarshen Fabrairun 2020, Hajjin 2020 da na 2021 ba wanda ya je daga waje. Duk wannan lokacin kuɗin kulawa bai san da zancen biza ba. Don haka ka nemi a nuna maka a rubuce me zai faru da makonka in an hana ka shiga, za a ɗaga maka shi zuwa baɗi ko ya ƙone.

Su masu tallar kuma sun iya aikinsu, a yaba masu. Za a tare ka a babban kanti ko a harabar otal ko a kira ka a waya a ce ka ci kyauta, kwana biyu a otal ko tikitin yawon shaƙatawa ko cin abinci, sharaɗin kawai ka zo ka saurari bayani na awa ɗaya da rabi, kuma galibi su ce ka zo da uwargida. Awa ɗaya da rabin nan sai ta koma huɗu. A zagaya da ku ɗaki mai kyau, a kawo shayi da lemo, a yi ta kiranka Alhaji ana yabon yaranka, in ka ce a'a sai a kira manaja ya rage farashi, ka sake cewa a'a a kira wani ya ƙara ragewa ya ce amma wannan farashin na yau ne kaɗai in ka fita ƙofar nan ya tafi. Mu kuma akwai mu da kunya da kara, mutum ya ci abincinsu ya sha shayinsu sai ya ji nauyin ya tashi haka nan, ga Hajiya ta riga ta ga kicin ɗin ta yaba. Dan Allah cire wannan kunyar, kuɗin shayin nan suna cikin lissafinsu tun kafin ka zo. Ka ce a ba ka takardun ka tafi da su masauki, in sun ce ba a fita da su to ka samu amsarka. Kada ka ba da katin banki wai a riƙe maka farashi, kada ka ba da kafin alƙalami, kada ka bar fasfo a hannun kowa. In suka ce ai za su ba ka bashi ka dinga biya a hankali, tambayi kuɗin ruwan da ke kai, irin wannan bashin ruwansa sau da yawa ya haura kashi 10 cikin 100, ga riba ga tsada.

In kuma har ka riga ka sa hannu, to ka san akwai kwanakin janyewa a ƙasashe da yawa. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar 2008 ta ba mai saye kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma ta hana kamfani karɓar ko kwabo daga hannunsa a cikin kwanakin nan, don haka duk wanda ya nemi kuɗi a ranar farko a Sifen ko Fotugal ya riga ya karya doka. A Fulorida kwana 10 ne. Kowace ƙasa da nata, ka nemi wurin a takardar ka ja masa layi. Janyewar kuma a rubuce ake yinta, ta hanyar da takardar ta faɗa, ka ajiye shaidar ranar da ka aika, kiran waya ko saƙon murya ga dillalin ba janyewa ba ne, shi zai ma yi ta jan ka da hira ne har kwanakin su cika. A Sifen dokar 1998 ta ce kada yarjejeniya ta wuce shekara 50, kuma a 2015 kotun ƙolin ƙasar ta rushe waɗanda aka rubuta babu ranar ƙarewa, mutane da yawa sun karɓo kuɗinsu ta nan, amma fa bayan shari'a da kuɗin lauya, kai da ke Daura ka yi tunanin yadda zaka bi shari'a a wata ƙasa.

Lauyan da zai duba maka takarda ya zama na ƙasar da ginin yake, kuma kai ka nemo shi ba kamfanin ba. Ya duba ko kamfanin yana da lasisin yin wannan harkar, ko ginin an gama shi ko zane ne a kwali, ko akwai bashin banki a kansa, nawa kuɗin kulawa ya kasance a shekaru biyar da suka wuce don ka ga yadda yake hawa, wa ke da ikon ƙara shi, kuma ta wace ƙofa ake fita in mutum ya gaji. Ka tambayi zancen gado musamman, don in mai shi ya rasu yarjejeniyar tana shiga cikin abin da ya bari har da nauyin biyanta, ranar rabon gado a ga takarda da Turanci ana murna Alhaji ya bar gida a waje, ashe bashi ne mai zuwa duk shekara.

Zancen wai jari ne, gobe zaka sayar ka ci riba, kada ka saurare shi sam. Fili a Katsina in ka saya ka kewaye ka manta da shi shekara goma zaka dawo ka tarar ya ninka, taimshiya kuwa tana fita daga hannun kamfani darajarta take faɗuwa, domin kaso mai yawa na kuɗin da ka biya na talla ne da la'adar dillalai da kyaututtukan nan da aka ja ka da su. A shafin eBay har dala ɗaya ake sa su, masu su na neman wanda zai karɓi nauyin kawai. Wannan kuma shi ne dabarar mai wayo, in har ka ƙudurta kana so, to nemi na hannu wajen wanda ya gaji da nasa, ka tabbata babu bashin kuɗin kulawa a kansa, kamfanin ya tabbatar a rubuce zai mai da sunanka kuma ba zai rage maka wasu haƙƙoƙi don na hannu ka saya ba. Akwai kuma kamfanonin musaya irin RCI da aka kafa a 1974 da Interval International na 1976, ka ba da makonka a ba ka wani a wata ƙasa, amma su ma akwai kuɗin rajista na shekara da kuɗin kowace musaya, kuma mako mai rauni ba ya karɓo mai ƙarfi. Daga ƙarshe in wani ya kira ka ya ce yana da mai saye a hannu ko zai fitar da kai daga yarjejeniyar amma ka fara turo kuɗin aiki, kashe wayar, wannan damfara ce da aka san ta a duk inda ake harkar.

A ganina wanda abin zai yi wa amfani shi ne mai babban iyali da ya san duk shekara wuri ɗaya yake zuwa a lokaci ɗaya, yana da kuɗin waje na shigowa, ya biya lakadan ba bashi, kuma in kuɗin sun narke ba zai hana shi barci ba. Saura kuwa su kama otal kawai.

Toh mu dawo kan waya, ita ce ta shafi kowa har wanda Maraɗi kawai zai je.

Tun kana gida zaka fara shiri ba a filin jirgi ba. Ka kira kamfanin layinka a 300 ko ka shiga ofishinsu ka tabbata romin, wato amfani da layinka a wata ƙasa, a buɗe yake a layin, NIN ɗinka a haɗe yake, kuma ka tambayi farashin ƙasar da za ka, kira nawa, amsa kira nawa, saƙo nawa, data nawa. Eh, amsa kira ma ana cire kuɗi in kana romin, mutane da yawa ba su san wannan ba, sai mutum ya sauka Jidda 'yan uwa su yi ta kira ana barka da sauka ana ya hanya, kafin ya isa masauki katinsa ya ƙare shi da bai kira kowa ba. Shigowar saƙon tes ne galibi kyauta, kuma shi ne dalilin da ya sa dole ka tafi da layinka na gida, don lambar OTP ta banki ta nan take zuwa, alat ma haka. Ka gwada manhajar bankinka kafin ka tashi, ka sa a dinga turo maka alat ta imel ma, domin lambobin nan na tauraro da muke dannawa mu tura kuɗi ba kullum suke aiki a waje ba. Kuma kada ka canza waya ana gobe tafiya, sabuwar waya sai banki ya nemi ya sake tantance ka, in abin ya maƙale kana Makka ba reshen da zaka shiga.

Abu mafi muhimmanci, shiga setin ka kashe datar romin a layin Najeriya tun kafin jirgi ya tashi. Waya tana shan data ko ba ka taɓa ta ba, tana sabunta manhajoji, tana kwashe hotuna zuwa Google, guruf-guruf na WhatsApp suna sauke bidiyon wa'azi da na biki, duk a farashin romin. In kana so ka yi amfani da data a layin gida sai ka sayi kunshin romin na musamman, MTN da Airtel da Glo duk suna da su, lokacin aikin Hajji ma sukan fitar da na alhazai, amma ka karanta da wane kamfanin can yake aiki, in wayarka ta kama wani daban kunshin ba zai yi ba sai ta koma cin kati, don haka ka zaɓi netwok ɗin da hannu.

Mafi sauƙi dai in zaka wuce kwana uku-huɗu ka sayi layin ƙasar. Wayoyinmu irin Tecno da Infinix da itel ai sim biyu suke ci, ɗaya na gida don saƙon banki, ɗaya na can don data da kira. A Saudiyya akwai STC da Mobily da Zain, da fasfo da zanen yatsa ake yin rajista, suna da rumfuna tun daga filin jirgi. A Dubai akwai Etisalat, wanda yanzu ake kira e&, da du. A Nijar akwai Airtel da Moov da Zamani. Ka saya a shagon kamfani da sunanka, kada ka karɓi layin da wani ya miƙo maka a bakin titi wai an riga an yi masa rajista, ba ka san sunan wa ke kai ba kuma ba ka san me aka aikata da shi ba. In ka sa sabon layi WhatsApp ɗinka ba ya canzawa, lambarka ta gida tana nan, in ya tambaye ka ko zaka canza lamba ka ce a'a. Masu iPhone daga XS zuwa sama da wasu manyan Samsung suna iya sayen eSIM, wato layin da babu kati, tun suna gida su sauka da datarsu a shirye. Danna *#06# zaka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, in ka ga wata mai suna EID to wayarka na ɗaukar eSIM, kuma ka rubuta IMEI ɗin a takarda saboda sata. Masu sayen wayar hannu da aka shigo da ita daga waje ku lura, wata a kulle take da kamfani ɗaya, wata kuma irin iPhone 14 ta Amurka ba ta da ramin sim gaba ɗaya, a kai ma mai gyara ya duba tun a gida.

Kowace ƙasa da halinta. A Dubai saƙon WhatsApp yana tafiya amma kiran murya da na bidiyo a toshe suke, manhajar Botim ake amfani da ita, don haka ka sa ma iyalinka ita a wayarsu kafin ka tafi. A Saudiyya ma kiran WhatsApp ba abin dogaro ba ne, shi ya sa mutanenmu na can suka riƙe IMO, kuma ka sauke manhajar Nusuk ka yi rajista tun a gida don da ita ake samun izinin shiga Rauda. Masu zuwa Chana sarin kaya, can WhatsApp da Facebook da Google duk ba sa aiki a layin ƙasar, WeChat ne komai nasu har biyan kuɗi, amma layin waje mai romin yakan buɗe su tunda datarsa ta gida take bi. Turkiyya kuma in ka sa layinsu a wayar da ka shigo da ita, bayan kwana 120 za su toshe wayar sai an yi mata rajista an biya haraji mai tsada, ɗalibai su kula da wannan.

Mu na bakin iyaka muna da tamu matsalar daban. Mutumin Jibiya ko Kongolam ko Babban Mutum zai iya zama a cikin Najeriya wayarsa ta tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar da kanta, yana amsa kira ana yankar masa kuɗin romin bai je ko'ina ba. Maganinsa ka cire zaɓin netwok daga otomatik ka kafe shi a kan na gida. In kuma ka shiga Maraɗi ko Damagaram da gaske, kada sunan Airtel ya ruɗe ka, na Nijar daban na Najeriya daban, romin ne kake yi.

Lambobin da ke wayarka ka gyara su su fara da +234 ka cire sifilin farko, in ba haka ba daga waje ba za su shiga ba. Saudiyya +966, Dubai +971, Nijar +227, Masar +20, Indiya +91. Dattawan da za su sauke farali, 'ya'yansu su zauna su yi masu wannan, a rubuta lambar jami'in alhazai da sunan masauki a takarda a sa a jakar wuya, don waya na iya mutuwa a Mina a rasa wurin caji. Soket ɗin Saudiyya da Dubai da Ingila irin namu ne mai ƙafa uku, Masar da Nijar da Turkiyya da yawancin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu, Amurka kuma nata daban, adafta ɗaya ta isa tunda cajar waya tana ɗaukar wuta daga 100 zuwa 240. Fawa bank a jakar hannu ake sa shi ba a cikin kayan awo ba, kuma kada ya wuce 100Wh, wajen 27,000mAh ke nan, manyan nan masu kamar bulo da muke saye saboda rashin wuta za a iya karɓe su a wajen bincike. Emirates ma tun Oktoban 2025 ta hana amfani da shi a cikin jirgi.

Waifai na otal da na filin jirgi ka yi hira da shi ka kalli bidiyo, amma harkar banki ka yi ta da datar layinka. Ka sa ma sim ɗinka lambar sirri, ka kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, don in an sace wayar kana waje yin walkam bak zai yi maka wuya kafin ka dawo, ɓarawo kuma yana riƙe da layin da OTP ke shigowa. In hakan ta faru ka nemi wata waya nan take ka sa a rufe layin da asusun bankin. Masu daɗewa kuma, ɗalibai da masu zuwa aiki, layin Najeriya in ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba ana ɗaukarsa matacce, in aka ƙara jimawa a sayar ma wani da shi alhali BVN ɗinka na jikinsa. Ka dinga sa masa kati kana tura ko tes ɗaya lokaci-lokaci, ko ka biya tsarin ajiye lamba irin wanda MTN ke da shi kafin ka tafi.